Zamiya a Gangaren Ojota

Shekara goma sha ɗaya ina aske ciyawar Ikoyi.
Na san wadda ke kwanciya in ta ji raɓa,
na san mai taurin kai da ke miƙewa bayan inji ya wuce
kamar bashin da aka ce an yafe.

Ran wata Laraba, ta tagar falon maigida,
na hango talabijin tana nuna wani tudu kore shar.
Mutane da hulunan kwano,
ƙafafunsu ɗaure da 'yan ƙananan katafila,
suna gangarowa kamar ruwan indararo,
suna kauce wa sanduna, ja, shuɗi, ja, shuɗi.
Kuku ya ce gasar duniya ce:
ƙanƙararsu ta narke, bazara ta ritsa su,
shi ne suka koma zamiya a kan ciyawa.

Na ƙirga tutoci. Italiya, Ostiriya, Japan,
wata ma ban iya sunanta ba.
Tamu babu.
Na ce, ciyawa dai?
Abin da nake ci da shi, nake sha da shi,
shi wasu ke hawa jirgi su je su taka?

A Ladipo, Okwudili ya ƙirgo mini boris ashirin da huɗu,
ya ce, Malam, injin me za ka haɗa?
Na ce injin kaina.
Bel na samo wajen mai markaɗe a Idi-Araba.
Alani mai walda ya yi dariya har ya ƙware,
amma ya ɗinke ƙarfen, bai karɓi ko sisi ba,
sharaɗinsa ɗaya: a kira shi ranar.
Sandunan hannu na tsofaffin mofa ne.
Hula kuwa ta Sagiru ce,
tun da aka hana acaba take rataye tana tara yana.

Saura tudu.
Legas fa shimfiɗe take kamar faifai,
duk abin da ya yi tsayi a nan, mutum ne ya gina
ko shara ce ta taru.
Na yi ta zagaye har Ojota,
na sami gangaren da ke jingine da gada,
ciyawarsa ba mai ita, ba mai aske ta,
sai wani rago da ke ganin gadon ubansa ce.

Lahadi da sassafe, bayan ruwan dare,
na sa farin wandona na Juma'a,
na jera galan uku a madadin sanduna.
'Yan kallo: Alani,
kwandastoci biyu da motarsu ta ƙi cika,
Iya Risikatu mai burodi da wake,
da ragon.
Ba alƙali, ba agogo.
Iya ta ce za ta ƙirga da baki.

Na saki jiki.

Ƙasa ta zame daga ƙarƙashina kamar an fizge tabarma.
Boris suka rangaɗa guɗa.
Iska ta cika mini baki da ƙamshin ɗanyen haki,
hon ɗin danfo ya koma can nesa,
kuɗin haya ya koma can nesa,
ban tuna da kowa ba, har ni kaina.
Galan na farko na kauce masa,
na biyu ma,
na uku ne ya ce shi bai san zancen ba.

Sauran tafiyar a kan gwiwa na ƙarasa ta.

Tara! in ji Iya da Hausarta ta kasuwa,
tara ka yi a tsaye!
Kwandastoci suna dukan jikin mota,
Alani na tsintar boris a ciyawa yana share hawaye.
Ba zinare, burodi aka miƙo mini,
na karɓa hannu na rawa.

Sai da na miƙe na dubi wandon:
gwiwar dama kore, gwiwar hagu kore,
tsakani fari fat.

Sabulu uku ya ci, bai saki ba.
Ran Litinin na shanya shi a kan shingen maigida,
daidai tagar nan,
inda talabijin za ta gan shi,
sannan na ja igiyar inji.